Matan da Ke Kallon Yamma

Kwanakin baya na raka gawar wani maƙwabcina sabuwar makabarta, wadda aka yanka can bayan gari a kan hanyar Malumfashi. A mota aka kai mu, mu tsofaffi a gaba, matasa suka rufa mana baya a kan babura. Da aka gama, kowa na kakkaɓe hannu yana duba waya, sai na tsaya ina kallon wurin. Kaburbura a jere reras kamar kunyar dankali, kowanne da ɗan allon ƙarfe a wajen kai, an rangaɗa suna da farin fenti. Ba bishiya, ba inuwa, ko kukan kurciya babu. Na karanta sunaye har idona ya gaji, ban ji kamar na san kowa ba, alhali da yawansu na ci tuwon sunan 'ya'yansu. Na dawo gida jikina a sanyaye, aka kawo abinci na ce a rufe. Tun daga ranar kakata Tambai ta dawo mini a rai, ta ƙi tafiya.

A zamaninmu kabari ba shi da suna. Fasasshen tulu ake kifawa a wajen kai, a kwantar da karan da aka gwada tsawon mamaci da shi a gefe, a shafa fatiha a watse. Gara ta cinye karan, ruwan sama ya baje tudun, ciyawa ta rufe. Sunan yana zaune a kan mutane, ranar da aka binne kan da ke riƙe da shi sai su tafi tare. A garinmu kuwa ba kan da ya riƙe sunaye kamar na Kaka Tambai. Bamagujiya ce, 'yar wata unguwa ta wajen Ƙarfi, aka kawo ta aure tun garin bai wuce 'yan gidaje da rumbuna ba. Mijinta, kakana, ya rasu kafin a haife ni. Ni na buɗe ido na same ta 'yar ficiciya, ta ranƙwafa kamar lauje, amma in ta kama taɓarya sai ka rantse budurwa ce. Tana da irin nata dakan da ba na kowa ba: ta yi bugu biyu a ciki, sai ta ƙwanƙwasa bakin turmi. Ko daga gona nake dawowa, tun daga bakin rijiya nake gane ita ce.

Mahaifina shi ne ɗanta na fari. Yana saurayi ya tafi Funtua aikin auduga, lokacin da jirgin ƙasa ke kwasarta, ya dawo da buta da carbi da sabon suna, Malam Audu. Sabon shiga kuwa, kun san shi, zafinsa ya fi na wanda aka haifa a ciki. Ya fasa tukwanen giyar gidan, ya hana kiɗa, ya gina 'yar masallaci a ƙofar gida. Kaka ta kwashe turminta da awakinta ta koma bukkar da ke ƙurya. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda mutanen da suka riƙe da gaske: ba ta faɗin sunansa, na da ko na yanzu, ba ta haɗa ido da shi. In tana da magana sai ta kira ni, ta ce, "Maigida, je ka ce wa Malamin gidan nan rumbun ƙurya yana yoyo." Shi ma sai ya ce, "Ka ce wa Inna na ji." Duk wannan suna tsakar gida ɗaya, kowa na jin numfashin kowa. Maigida take ce mini saboda wasan kaka da jika, ni kuma ina ce mata amarya mai haƙori ɗaya, ta jefo ni da muciya.

Na fara tsirar gemu lokacin da ta soma cewa in raka ta gaisuwa. Ranar farko na zura rigata mai kyau, na ɗauka gidan 'yan uwa za mu, ko a dace da fura. Muka wuce marina, muka wuce gidajen ƙarshe, ta tsaya a gaban wani tudu da ba a nomawa, duk ƙaya da tsingaro. Ta dafa sandarta ta russuna kamar wadda ta shiga zauren manya.

"Sannunku da kwanciya. Tambai ce. Ga jikan gidanmu na kawo ku gani, ya girma."

Na waiga dama na waiga hagu, ba kowa. Na ce, "Kaka, da wa kike magana?"

"Da masu garin mana. Kai ka zaci ku ne masu shi? Ku baƙi ne, kwana kuke yi. Garin nan biyu ne, Maigida. Na sama ɗan ƙarami ne, na ƙasa shi ne babban."

Wannan tudu, in ji ta, na shekarar agana ne. An yi ta kawo mutane har masu haƙa suka ƙare, aka hana kuka a gari don kada cutar ta ji ta dawo. Ta ce shi ya sa har yau in ka tsaya a wurin sai ka ji maƙogwaronka ya cushe, kukan da ba a yi ba ne yake nan. Na haɗiye yawu na ji kuwa ya ƙi wucewa. Daga nan gaisuwa ta zame mana al'ada, yau nan gobe can, ina riƙe da kwandon da take zuba saiwoyi da ganyen magani. A bayan tsohuwar kasuwar auduga ta nuna mini filin baƙi, waɗanda suka biyo sikeli da manyan motoci suka zo, ajali ya same su ba dangi kusa. Ba ta san sunayensu na gaskiya ba, amma kowa ta san shi: ga Mai-sikeli, ga wata Banufiya mai ƙosai, ga wani mutumin kudu da ta ce har ya mutu bai iya Hausa ba, "amma yanzu kam ya iya, maƙwabta sun koya masa." Rumfar mahauta ma, da kullum ƙasarta ke lotsawa ana cikowa, ta ce a kan mutanen shekarar yunwa aka kafa ta. Tun daga ranar na daina tsayawa cin tsire a wurin. Ni da na ɗauka na san garinmu lungu-lungu, ashe bayansa kawai na sani.

Inda muka fi zuwa shi ne gindin tsamiya, yamma da gari, kushewar mutanenta. Wuri ne mai duhun inuwa, ko tsakar rana sanyi ke tashi daga ƙasa, kuma ban taɓa ganin akuya ta shiga ba. Gabas da shi makabartar Musulmi take, shingen bini-da-zugu ne kawai ya raba su. Kaka ta ce ita ta san ranar da makabartar ta fara, da kabari ɗaya tak, na wani malami matafiyi da ya kwanta ciwo a zauren mai gari. Ta sa ni na hau reshen tsamiyar na duba. Gefenmu na Musulmi ya miƙe har ido ya gaji, sabbin tudu jajaye a ƙarshensa, gefensu kuma ya tsaya cak, duk tsofaffin tuluna da gansakuka. Ta ce, "To ka ga labarin garinku ke nan, ba sai an gaya maka ba."

A wurin ta koya mini yadda nasu suke kwanciya. Namiji gabas ake juya fuskarsa, don ya ga gari ya waye ya ɗauki fartanya. Mace kuma yamma, don ta ga rana ta sunkuya ta tashi ta yi daka ta ɗora tukunya. Na yi dariya na ce ashe ko a can ba hutu. Ba ta yi dariya ba. Ta ja ni har ƙarshen kushewar, inda kabarin kakana yake, shi ne na ƙarshe, manne da shinge. Sai ta sunkuya ta bi ta wata kafa a shingen, ta ɓulla gefen Musulmi, ita da ba ta taɓa taka makabartarmu ba. Can na ga wani ɗan fili daidai tsawon mutum, a share tas, ko tsinke babu, ga guntun tsintsiya a soke a shinge.

"Nan ne nawa," ta ce. "Na san Malamin gidanku ba zai kai ni wancan gefen ba, idon mutane zai hana shi. To ga nasu gefen, na rage masa aiki. Juyi ɗaya kawai nake roƙo."

"Wane juyi, Kaka?"

"Shi yana kallon gabas. In aka sa ni nan ina kallon yamma, ka ga mun fuskanci juna. Tun da aka kawo ni gidan mutumin nan ƙeyarsa nake kallo. Hanyar gona yana gaba ina baya, hanyar kasuwa yana gaba ina baya. Ko tuwo na kai masa kaina a ƙasa yake. Aradu ban taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba. To can ba kunya, ba sauri."

Tana faɗin haka ta ajiye sanda, ta kwanta a filin ta gefen hagu, ta tankwashe ƙafa, ta lumshe ido tana fuskantar shinge. La'asar ta yi sakaliya, rana ta yi ja a bayan tsamiya, iska ta ɗauke. Tsigar jikina ta tashi, na ce ta tashi don Allah. Ta ce a'a, in durƙusa in kara kunnena a ƙasa. Na yi don ta bar ni mu tafi. Da farko bugun zuciyata kawai nake ji. Sai can, daga nesa, daga ƙasa, na ji ana daka. Ba turmi ɗaya ba, da yawa, wani na amsa wa wani, kamar ranar biki. Na ce ai dakan matan gari ne iska ke kawowa. Ta ce, "To ɗaga kanka mu ji." Na ɗaga, shiru. Na mayar, ga shi nan. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Rana ta sunkuya, sun tashi." Ranar ni na riga ta isa gida, kwandon ma ita ta ɗauko.

Bayan 'yan kwanaki ta aike ni da maganar wurin mahaifina. Yana zaune a kan buzu yana jan carbi, na durƙusa na faɗa masa duka, da filin da juyin. Carbin ya tsaya a hannunsa. Sai ya ce:

"Ka ce wa Inna, in ta yi kalmar shahada, alƙibla za ta kalla kamar kowa, ba ni da ikon canzawa. In kuma ba ta yi ba, 'yan uwanta na Ƙarfi su zo su tafi da ita. Ni ba zan iya tsayawa a kai ba."

Ban ko tashi ba muryarta ta fito daga bukka: "Ka ce masa na ji."

Haka aka sa ta a tsaka mai wuya. In ta riƙe nata, a ɗauke ta a kai ta nesa da mijinta, kuma ɗanta ba zai raka ta ba. In ta karɓi na ɗanta, ta samu filin da ta share, amma ta ba mijin baya har abada. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ci gaba da dakanta, ta ci gaba da zuwa shara, wani lokaci da 'yar ƙwaryar ruwa tana yayyafawa. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don ina ƙaunar tsohuwar nan fiye da yadda saurayi zai yarda ya faɗa, kuma ina tsoron mahaifina, ina tsoron Allah.

Da bazara Kaka ta kwanta ciwo, irin bazarar nan da ƙadangare ke neman inuwa yana haki. Ranar da jikin ya yi tsanani, da hantsi, mahaifina ya cire takalmi ya shiga bukkar, abin da ban taɓa gani ba. Ya zauna ta wajen ƙafarta yana kallon bango, ya fara faɗin kalmar a hankali, yana maimaitawa, ba tare da ya ce ta faɗa ba. Can sai ta karɓa, tiryan-tiryan, da kunnena na ji. Ya rufe fuska da hannun riga ya fita yana kuka kamar ƙaramin yaro. Yana fita ta kamo bakin rigata da 'yan yatsunta masu sanyi, ta jawo ni.

"Na ba shi nasa. Kai kuma ka ba ni nawa."

Kafin azahar Kaka ta cika.

A lokacin ba masu haƙa na haya, samarin unguwa ne ke ɗaukar diga da shebur. Matan da suka yi mata wanka suka miƙo karan gwaji ta saman zana, suka ce a ƙara wa ramin ciki faɗi, don bayanta ya ƙi miƙewa. Na karɓi karan na shige gaba, ban nemi shawarar kowa ba, na kai abokaina har bakin shinge. Ɗaya ya ce, "Kai, nan fa kusa da tsamiya ne." Na ce nan aka ce. Ƙasar bazara da kan sa diga tsalle tana tartsatsi, a wurin nan sai ta buɗe mana kamar gonar da aka yi wa huɗa jiya. Muka yi ta haƙa. Ko tsuntsu bai yi kuka a tsamiyar ba har muka gama.

Bayan la'asar aka yi mata salla aka ɗauko makara, ba nauyi, kamar an ɗauko dami ɗaya na kara. Da mahaifina ya ga inda muka haƙa, ya dubi shinge, ya dube ni, ya kau da kai. Ni na sauka cikin uwar kabari aka miƙo mini ita. Ga liman a kaina yana nuna gabas da hannu, ga mahaifina, ga dattawan gari, ga kuma sanyin 'yan yatsun nan da har lokacin nake ji a bakin rigata. Na kwantar da ita ta gefen dama, fuska alƙibla, hawaye na ɗiga a kan likkafani. Ina ɗauke hannuna sai ta motsa. A hankali, ba gaggawa, ta mirgino ta baya, ta ƙarasa ta koma yamma.

Na ji numfashin mutane ya ɗauke. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Doron ne, ramin kuma ya yi faɗi. Ku tokare ta da hoge." Aka miƙo mini busassun hoge, na juyo ta, na jera mata a baya. Na ja da baya. Muna kallo hogen tsakiya ya ruguje kamar an murƙushe shi, ta sake komawa yamma. Wani a baya ya yi salati da ƙarfi, wasu suka ja da baya suna taka kaburburan mutane. Kowa a wurin ya san abin da ake faɗa a kan gawar da ta ƙi alƙibla, kuma kowa ya san gobe shi za a tattauna a kasuwa: uwar Malam Audu ta ƙi. Na ɗaga kai na dubi mahaifina, na ga fuskarsa ta yi fari kamar toka.

Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya sauko ya ce in matsa. Ya durƙusa ya kai bakinsa kusa da kunnenta. Ni kaɗai nake kusa da zan ji, kuma ranar ce farkon da na ji ya yi mata magana ba ɗan aike.

"Inna, Ranau ne."

Wannan shi ne sunansa na da, wanda ba a ƙara faɗa a gidanmu ba tun dawowarsa daga Funtua.

"Ki rufa mini asiri a gaban mutane, Inna. Ga ki inda kika share, ban hana ba. Baba yana nan bayanki, ba inda zai je."

Ya sa hannu biyu ya juyo ta kamar mai gyara wa jariri kwanciya. Bai sa hoge ba. Ya ɗauke hannu, muka jira. Ta kwanta lamo. Liman ya ce alhamdu lillahi, mutane suka saki numfashi, aka fara miƙo itace muna jerawa a saman ramin, daga ƙafa zuwa kai. Sai da ya rage 'yar kafa ɗaya ta wajen kai, rana ta faɗo ta cikinta, na leƙa. Jikinta na nan gabas yadda ya ajiye ta. Amma kan ya zame a cikin likkafani, wuyan ya karkato ta kafaɗar hagu, kamar matar da ke tafiya a hanya aka kira sunanta daga baya.

Mahaifina ma ya gani. Itacen ƙarshe na hannunsa, ya tsaya da shi a sama. Na jira ya zura hannu ya gyara, don abin ba ya buƙatar komai sai yatsa biyu. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora itacen a kan kafar, ya ɗebo kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya liƙe da hannunsa, ya ce a tura ƙasa. A hanyar komawa mu biyu muka rage a baya. Daidai ƙarshen shinge, yana kallon gabansa, ya ce, "Waiwaye adon tafiya." Har ya koma ga Allah bai ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Ni Musulmi ne, na san mamaci ba ya motsi. Na san doro ne da faɗin rami da busasshiyar ƙasa, na faɗa wa kaina haka tun gemuna na baƙi har ya yi fari. Gaibu sai Allah. Amma bayan sadakar bakwai ƙafata ta ja ni wurin da yamma, ni kaɗai, na durƙusa kusa da sabon tudun na kara kunne, ina fatan kada in ji komai. Turame na ta amsa wa juna yadda suka saba. A cikinsu akwai wani sabo, kusa-kusa, mai bugu biyu sannan ya ƙwanƙwasa baki. Wannan karon ban gudu ba, na zauna na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza.

Yanzu duk waɗannan wurare sai a kaina. Tudun agana an yanka shi filaye, gidajen bene ne a kai, masu su na ta mamakin me ya sa 'ya'yansu ba sa son wasa a tsakar gida. Filin baƙi ya zama tashar babura. Tsamiyar ma an sare ta, aka yi kwana da kwanaki ana fama, aka kafa katafaren sito na masara inda manyan motoci ke lodi zuwa Dandume. Mutanen Kaka na ƙarshe wasu sun musulunta, wasu sun tashi sun ƙara gaba, ba wanda ya rage da zai ce a tsaya. Kabarin kakana ya tsira ne kawai don yana can gefe, a wani siririn lungu bayan sito inda ciyawa ke fitowa. 'Ya'yana da jikokina in na fara ba su labarin wa ke kwance a ina, sai su ce, "To, Baba," ido na kan waya. Ban ga laifinsu ba, su suna da alluna masu fenti.

Da tsohuwar makabartarmu ta cika, jama'ar gari suka haɗu aka kewaye ta da katangar bulo, aiki mai kyau, Allah ya ba su lada. Katangar yamma layin shingen bini-da-zugu ta bi, sak. Na sa aka kai mini kujera na zauna ina jiran ranar da magini zai iso wurin. Ana barin 'yan kafofi a gindin katanga don ruwa ya wuce, to da ya zo daidai kan Kaka na ce ya bar ɗaya a nan.

"Baba, nan fa tudu ne, ruwa ba ya bi ta nan."

"Na sani. Ka bari dai."

Ya dubi abokin aikinsa, suka yi 'yar dariyar da ake yi wa tsofaffi, ya tsallake bulo ɗaya. Allah ya yi masa albarka.

Jiya na je, bayan na kasa cire sabuwar makabartar nan daga raina. Na bi ta gefen katanga ina dogara sanda, yadda take yi. La'asar ta yi sakaliya, rana ta shigo ta kafar nan ta kwanta a wajen kanta, daidai faɗin tafin hannu. A duk unguwar yanzu ba gidan da ake daka, kowa inji yake kaiwa, turame sun zama mazaunin tsofaffi da wurin ɗaure awaki. Ranar ma ba wuta, injin unguwa a kashe yake, motocin sito sun tashi, gari ya yi tsit. Na durƙusa da ƙyar, gwiwoyina na ƙara, na kara kunnena a ƙasa.

Sauran turamen duk sun yi shiru, tun da aka zuba musu siminti. Saura ɗaya. Bugu biyu, sai a ƙwanƙwasa baki.

Na ce, "Sannu da aiki, amarya." Na lallaɓa na tashi tun kafin a amsa.